Shirya Ɗaliban Ilmin Motsa Jiki Don Shiga Kasuwar Aiki

Daga Wakilinmu na Sashen Tattalin Arziki

LEGAS — A ƙarshen kowace shekarar karatu, jami'o'i da kwalejojin ilmi na ƙasar nan suna yaye samari da 'yan mata waɗanda suka karanci ilmin motsa jiki da kiwon lafiya, wato fannin da aka fi sani da P.H.E. a makarantu. Tsarin da aka horar da su a kansa tsari ne na samar da malamai ga makarantun gwamnati, alhali kuwa gwamnatocin jihohi da yawa sukan shafe shekaru ba su ɗauki sababbin malamai ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, makarantu masu zaman kansu, da gidajen motsa jiki, da otal-otal, da makarantun koyon ƙwallon ƙafa sai ƙaruwa suke yi a Legas da Abuja da Fatakwal da Ibadan da Kano, kuma kowane ɗayansu yana buƙatar ma'aikacin da ya san aikin. Ga masu neman aiki, ga kuma masu neman ma'aikata, amma sau da yawa ba su haɗuwa. Wannan sharhi zai duba dalilin haka, da irin shirin da ya kamata ɗalibi ya samu kafin ya bar makaranta, da kuma inda lamarin ya shafi aljihun ɗan kasuwa.

An Gina Horon Ne Domin Aikin Gwamnati

Horar da malaman motsa jiki a matakin gaba da sakandare ya soma ne a Zariya a ƙarshen shekarun 1950, a kwalejin da daga baya ta zama wani ɓangare na Jami'ar Ahmadu Bello. A farkon shekarun 1960 kuma Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ta fara ba da digiri a fannin. Amma bunƙasar gaske ta zo ne bayan yaƙin basasa, lokacin da kuɗin man fetur ya wadata a hannun gwamnati. An kafa Hukumar Wasanni ta Ƙasa a shekarar 1971. A shekarar 1973 Legas ta karɓi baƙuncin gasar wasannin ƙasashen Afirka karo na biyu a babban filin wasa na Surulere, kuma a wannan shekarar aka fara Bikin Wasanni na Ƙasa domin ƙarfafa haɗin kan jihohi. A shekarar 1974 aka buɗe Cibiyar Horar da Ma'aikatan Wasanni ta Ƙasa, wato NIS, a nan Surulere. Sai kuma shirin ilmin firamare kyauta na shekarar 1976, wanda ya buɗe ƙofar ɗaukar malamai masu ɗimbin yawa.

A wancan zamani, wanda ya kammala karatun motsa jiki ba ya wahalar neman aiki. Ko dai ma'aikatar ilmi ta tura shi makaranta, ko majalisar wasanni ta jiharsa ta ɗauke shi koci, ko ya shiga aikin soja ko na 'yan sanda. Saboda haka manhajar karatun ba ta damu da koya masa yadda ake neman abokin ciniki, ko yanke farashi, ko rubuta yarjejeniya ba, domin albashi yana jiransa.

Al'amura sun fara sauyawa daga shekarar 1986, lokacin da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, aka tsuke bakin aljihun gwamnati. Hatta manyan kulob-kulob na 'yan kasuwa irin su Leventis United da Abiola Babes sun rushe kafin ƙarshen shekarun 1980. Tun daga lokacin yawan masu kammala karatu yake ƙaruwa, guraben gwamnati kuwa ba su ƙaru daidai da shi ba. A yau ana koyar da fannin a jami'o'in Zariya, Kano, Maiduguri, Ilorin, Ibadan, Ife, Legas, Benin, Nsukka da sauransu, ban da kwalejojin ilmi na tarayya da na jihohi. Sassa da yawa sun canza suna zuwa sunan da ke nufin nazarin motsin jikin ɗan Adam, domin nuna cewa fannin ya wuce koyarwa kaɗai. To, amma canjin suna daban, canjin abin da ɗalibi zai iya yi da hannunsa daban.

Manufar Gwamnati Ta Koma Ga Kasuwanci

A shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar cewa ta cire wasanni daga rukunin nishaɗi ta mai da su rukunin kasuwanci. A watan Nuwamba na shekarar 2022 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan masana'antar wasanni, wadda ta ɗora nauyin bunƙasa fannin a kan gina filaye, da jawo jarin 'yan kasuwa, da yi musu rangwame. A ƙarƙashin wani shiri na neman attajirai su ɗauki nauyin gyaran filaye ne Alhaji Aliko Ɗangote ya biya kuɗin gyaran filin ƙwallo na babban filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja. A watan Oktoba na shekarar 2024 kuma aka rushe ma'aikatar wasanni, aka mayar da ayyukanta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa, aka naɗa Malam Shehu Dikko shugabanta.

Ma'anar wannan ga ɗalibi ita ce, gwamnati da kanta ta nuna cewa aikin da zai samu nan gaba yana hannun masu zaman kansu. Alamar haka ta fito a gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, inda yawancin kulob-kulob mallakar gwamnatocin jihohi ne, amma a kakar wasa ta 2024/2025 kulob ɗin Remo Stars na Ikenne a Jihar Ogun, wanda mallakar ɗan kasuwa ne kuma yake da makarantar renon yara 'yan wasa, shi ne ya lashe kofin.

Akwai kuma dalili na lafiya da ke ƙara buƙatar waɗannan ma'aikata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa baligi ya riƙa motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, yaro kuma minti 60 a rana. A rahoton da ta fitar a shekarar 2024, ta ce kimanin kashi 31 cikin 100 na baligan duniya ba su cika wannan ƙa'ida ba a shekarar 2022. A wani rahoton na shekarar 2022 ta ƙiyasta cewa cututtukan da rashin motsa jiki ke haddasawa za su riƙa cin kusan Dala biliyan 27 a kowace shekara tsakanin 2020 da 2030. Ɗan kasuwar da ke wuni zaune a shago, ya kuma shafe sa'o'i cikin cunkoson motocin Legas, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani game da hawan jini da ciwon suga. Duk wanda likita ya ce masa ya rage ƙiba, ya zama mai neman wanda zai nuna masa yadda zai yi ba tare da ya ji wa kansa ciwo ba.

Ƙofofin Da Suke Buɗe

Ƙofa ta farko, kuma mafi girma har yanzu, ita ce koyarwa. Bambancin kawai shi ne, yawancin sababbin guraben a makarantu masu zaman kansu suke. Gyaran manhajar ilmin bai-ɗaya da aka fara aiki da shi a shekarar 2014 ya cusa darasin motsa jiki cikin darasin kimiyya da fasaha, abin da ya ba makarantu da dama damar ɗora shi a kan malamin kimiyya. Sabuwar manhajar da aka sanar a shekarar 2025 ta sake ware shi a matsayin darasi mai zaman kansa. Idan aka aiwatar da ita yadda aka rubuta, buƙatar malaman fannin za ta ƙaru. Sai dai mai makaranta ba malamin allo da alli kaɗai yake nema ba. Yana neman wanda zai shirya gasar wasanni ta shekara, wadda iyaye ke halarta kuma take zama talla ga makarantar, ya kuma iya yin haka a ƙaramin fili da kayan aiki kaɗan.

Ƙofa ta biyu ita ce gidajen motsa jiki da na otal-otal da na rukunonin gidaje. A nan akwai gurbi na musamman ga mata, domin mata da yawa, musamman a cikin al'ummar Musulmi, ba za su shiga wurin da namiji ke horarwa ba. Ɗaliba mai takardar shaida, wadda ta iya horar da mata zalla a keɓantaccen wuri ko a gidajensu, tana da kasuwar da namiji ba zai iya shiga ba.

Ƙofa ta uku ita ce horar da yara a makarantun ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando da guje-guje da iyo. Ta huɗu ita ce gudanarwa: kula da filin wasa, shirya gasa, sayar da tikiti, neman masu ɗaukar nauyi. Gasar gudun yada-ƙanin-wani ta birnin Legas, wadda aka fara a shekarar 2016 da tallafin bankin Access, da gasar gudu ta Okpekpe a Jihar Edo, wadda aka fara a shekarar 2013, suna nuna irin ma'aikatan da babbar gasa ke ci: masu auna hanya, masu riƙe lokaci, masu rajista, masu agajin gaggawa.

Ta biyar ita ce wasannin gargajiya. Dambe da kokawa da langa suna cikin wasannin da ake fafatawa a Bikin Wasanni na Ƙasa, kuma dambe ya samu masu kallo daga ƙasashen waje ta hanyar intanet, har kamfanoni suna shirya gasarsa. Gidajen dambe ba a Arewa kaɗai suke ba, ana buɗe su a unguwannin Hausawa na kudu da kewayen Abuja. 'Yan dambe suna buƙatar mai kula da ƙarfin jikinsu da abincinsu da raunukansu, kuma ɗalibin da ya tashi cikin al'adar, ya kuma yi karatun, ya fi kowa dacewa da wannan aiki.

Giɓin Da Ke Tsakanin Aji Da Wurin Aiki

Ɗalibin wannan fanni yana karanta ilmin sassan jiki da yadda suke aiki, da ilmin halayyar 'yan wasa, da dabarun koyarwa, da dokokin wasanni daban-daban. Wannan ilmi ne mai nauyi, kuma shi ne ya bambanta shi da tsohon ɗan wasan da ya koma koci. Matsalar tana wajen aiwatarwa.

Na farko, aikin gwaji da aka wajabta masa kusan duk na koyarwa ne. A kwalejojin ilmi ana ware zangon karatu guda domin koyarwar gwaji, a jami'o'i kuma makonni. Wannan yana shirya shi ga ƙofa ta farko kaɗai. Shirin sanin makamar aiki na SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu ya ƙirƙiro a shekarar 1973, yana iya cike giɓin, idan aka tura ɗalibi gidan motsa jiki ko kulob ko kamfanin shirya gasa, aka kuma bi shi aka ga abin da yake yi. Amma idan ya ƙare a ofishin da ba a ba shi komai sai sa hannu a littafi, to an ɓata watannin.

Na biyu, kayan aiki. Ɗalibin da ya ci jarrabawar iyo a takarda, alhali makarantarsa ba ta da wurin iyo, ba zai iya tsare rayukan baƙi a otal ba. Haka wanda bai taɓa saita injin gudu ko ƙarafan ɗagawa ba, ranar farko a wurin aiki za a gane shi.

Na uku, ilmin kasuwanci. Tun wajen shekarar 2007 aka wajabta darasin koyon dogaro da kai a jami'o'i, amma galibi darasi ne na bai-ɗaya da ake koya wa ɗaruruwan ɗalibai a ɗaki guda, ba tare da la'akari da fanninsu ba. Ɗalibin motsa jiki yakan koyi haɗa sabulu, amma bai koyi yadda zai ƙiyasta kuɗin awa guda na horarwa ba. Sabon tsarin manhajar jami'o'i da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a watan Disamba na shekarar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na darussa ta tsara da kanta. A cikin wannan kaso ne sashen motsa jiki zai iya sanya darasin tafiyar da gidan motsa jiki, da riƙon littafin kuɗi, da dokar kwangila, idan ya ga dama.

Takardun Da Ya Kamata Ya Fita Da Su

Digiri ko takardar NCE mafari ne kawai. Wanda zai koyar yana buƙatar rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN, wadda aka kafa bisa doka ta 31 ta shekarar 1993, kuma tun shekarar 2017 take gudanar da jarrabawar tantancewa kafin ta ba da lasisi. Wanda zai horar da 'yan ƙwallo yana buƙatar lasisin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, wanda ake hawa mataki-mataki daga D zuwa C da B da A, ana kuma samunsa ta hannun Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya. Cibiyar NIS tana ba da kwasa-kwasan horarwa da na gudanar da wasanni. Ƙungiyar Agaji ta Red Cross tana koyar da agajin gaggawa, wanda bai kamata a bar kowa ya tsaya a kan yara ko masu hawan jini ba tare da shi ba. Wanda zai tsaya da ƙafarsa kuma yana buƙatar rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni. Dokar kamfanoni ta shekarar 2020 ma ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai.

Kowace daga cikin waɗannan takardu tana cin kuɗi da lokaci, kuma ya fi sauƙi a neme su tun ana makaranta, ko a shekarar yi wa ƙasa hidima ga masu digiri, lokacin da alawus na Naira 77,000 da aka fara biya a shekarar 2025 yake shigowa. Masu NCE ba su zuwa hidimar ƙasa, saboda haka su nasu shirin dole ya kammala kafin ranar yaye su. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma iyaka da ya wajaba a sani. Mai digirin motsa jiki ba likitan gashin ƙashi ba ne. Wannan sana'a ce daban, mai hukumarta da ke ba da lasisi. Aikinsa shi ne horar da mai lafiya da hana rauni, da aiwatar da abin da likita ya rubuta. Idan ya shiga yi wa mai shanyewar ɓarin jiki ko mai karaya magani, ya jefa kansa da wanda ya ɗauke shi aiki cikin hatsarin shari'a.

Lissafin Mai Farawa

Bari mu kawo misali da alƙaluma na ƙiyasi, waɗanda mai karatu zai iya musanya su da farashin garinsu. A ɗauka wani matashi ya kammala karatu, bai samu aikin albashi ba, sai ya ƙulla yarjejeniya da ƙananan makarantu uku waɗanda ba za su iya riƙe cikakken malamin wasanni ba. Kowace tana biyansa Naira 40,000 a wata, jimla Naira 120,000. Kuɗin mota ya ci Naira 30,000, sabunta ƙwallaye da sauran kaya ya ci Naira 10,000, saura Naira 80,000. A ido wannan ya ɗara mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a shekarar 2024.

To, amma idan makarantun ba su biya a lokacin hutu, watanni tara kawai zai karɓa, wato Naira 720,000 a shekara. Idan aka raba wannan gida 12, Naira 60,000 ke nan a wata, ƙasa da mafi ƙarancin albashi. Idan kuwa ya shirya horon hutu ga yara 20 a kan Naira 5,000 kowane yaro a wata, ya biya hayar fili Naira 30,000, zai samu Naira 70,000 a kowane wata na hutu, wato Naira 210,000 a watanni uku. Jimlar shekara ta koma Naira 930,000, kimanin Naira 77,500 a wata. Wannan ɗan lissafi shi ne bambanci tsakanin wanda zai dawwama a sana'ar da wanda zai bar ta bayan shekara guda ya koma tuƙa babur, kuma irinsa ne ya kamata a koya wa ɗalibi kafin ya fita.

Abin lura a misalin shi ne ƙarancin jarin da ake buƙata: ƙwallaye, usur, agogon riƙe lokaci, igiyoyin tsalle, akwatin agajin gaggawa. Wannan ya fi dacewa da mai farawa fiye da mafarkin buɗe gidan motsa jiki. Yawancin injunan motsa jiki daga waje ake shigo da su, kuma Dalar da ake saya kimanin Naira 460 a farashin gwamnati a farkon shekarar 2023 ta haura Naira 1,500 a shekarar 2024. Kuɗin ruwa na Babban Bankin Nijeriya ya kai kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen shekarar 2024, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ba da rance. Matashin da ya ci irin wannan bashi ya sayi injuna kafin ya tara abokan ciniki, banki zai yi wa aiki. Hanyoyin da suka fi sauƙi su ne adashi, ko ƙungiyar gama-kai ta abokan karatu, ko haɗin gwiwa da mai jari a raba riba. Bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, suna da tsarin saya wa mutum kaya su sayar masa a biya sannu a hankali, da tsarin ba da hayar kayan aiki, amma su ma sai sun ga rajista da littafin shige da ficen kuɗi.

Lissafin Mai Zuba Jari

Yanzu mu juya ga ɗan kasuwar da ke tunanin buɗe gidan motsa jiki, nan ma da alƙaluman ƙiyasi. A ɗauka hayar wuri tana cin Naira 250,000 a wata, wutar lantarki da man janareto Naira 300,000, albashi Naira 250,000, gyara da tanadin sabunta injuna Naira 100,000. Jimla Naira 900,000, kuma dole a biya ta ko mutum ɗaya ne ya zo ko ɗari. Idan kuɗin wata Naira 15,000 ne, sai an samu mutum 60 kafin a mai da kuɗin da aka kashe. Da mutum 80 ribar wata Naira 300,000 ce. Idan mutum 20 suka daina zuwa, ribar ta tafi gaba ɗaya.

Saboda haka a wannan sana'a riƙe tsohon abokin ciniki ya fi jawo sabo muhimmanci, kuma abin da ke riƙe shi ba injin ba ne, domin irin injin yana nan a gidan da ke gaba. Mai horarwa ne. Shi ne zai tambayi sabon zuwa tarihin lafiyarsa, ya auna hawan jininsa, ya tsara masa abin da jikinsa zai ɗauka, ya rubuta ci gabansa, ya kuma san yadda zai sassauta wa mai azumi a watan Ramadan. Idan ƙwararre ya fi wanda ba ƙwararre ba tsada da Naira 50,000 a wata, kuɗin mutum huɗu ya biya bambancin har da saura. Idan kuwa wani ya yanke jiki ya faɗi a kan inji babu wanda ya san abin yi, asarar ba ta tsaya ga kuɗin wata ba. Araha ba ta ado.

Wannan lissafi ya shafi mai makaranta da mai otal. Kafin a ɗauki ma'aikaci, ya kamata a ga takardunsa na asali, a sa shi ya gudanar da darasi na minti 30 a gaban ido, a tambayi inda ya yi aikin gwaji, a kuma rubuta yarjejeniya da ta fayyace albashi, da lokacin aiki, da ko an yarda ya horar da abokan cinikin gidan a waje. Wannan batu na ƙarshe yakan jawo saɓani, domin idan mai horarwa ya tashi, mutanensa sukan bi shi. Ba shi wani kaso daga kuɗin waɗanda suka sabunta rajistarsu yakan fi tsare shi fiye da gargaɗi. Inda yara suke kuma, wajibi ne a binciki halinsa, a kuma kafa ƙa'idar cewa babba ba ya keɓewa da yaro.

Abin Da Ya Rage A Yi

Gyaran da ake buƙata ba mai tsada ba ne. Sassan motsa jiki za su iya raba aikin gwaji gida biyu, rabi a makaranta, rabi a wurin kasuwanci. Za su iya gayyato hukumomin wasanni da ƙungiyar agaji su gudanar da kwasa-kwasansu a harabar makaranta a kan farashi mai sauƙi, ta yadda ɗalibi zai fita da takardu uku ko huɗu maimakon ɗaya. Za su iya danƙa wa ɗaliban shekarar ƙarshe shirya gasar cikin gida, tun daga kasafin kuɗi har zuwa neman mai ɗaukar nauyi da ba da bayanin abin da aka kashe, a kuma ba su maki a kan haka. Gasannin jami'o'i na NUGA da na kwalejojin ilmi na NICEGA su ma wuraren koyon aiki ne, ba na neman lambar yabo kaɗai ba.

'Yan kasuwa kuma suna da rawar da za su taka wadda ba sadaka ba ce. Wanda ya karɓi ɗalibi na wata uku ko shida ya samu damar gwada shi a kan kuɗi kaɗan kafin ya ɗauke shi, ya kuma horar da shi a kan tsarin gidansa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Mile 12 da Agege da Sabon Ibadan da sauran zango-zango, waɗanda da ma sukan ɗauki nauyin gasar ƙwallo ko dambe a lokacin bukukuwan Salla, za su iya ba irin waɗannan matasa kwangilar shirya gasar, maimakon a bar ta a hannun duk wanda ya samu.

Shi kuwa ɗalibi, shawarar da ta fi kowace ita ce ya zaɓi ƙofarsa tun yana shekara ta biyu, ya nemi takardar da ƙofar ke buƙata, ya fara aiki ko da kyauta ne a wata makaranta ko filin unguwa, ya kuma riƙa ajiye shaidar abin da ya yi: sunayen wuraren, yawan yaran da ya horar, hotunan gasar da ya shirya, da wasiƙar wanda ya yi wa aiki. Ranar da zai tsaya gaban mai makaranta ko mai otal, wannan fayil ɗin za a fara buɗewa kafin a dubi darajar digirinsa.